Yadda ake kwance toshiyar gindin tsohuwar bindigar toka ba tare da an lalata ta ba

A gidaje da yawa na ƙasar Kabi, daga Argungu zuwa Gwandu har ƙasar Zuru, ba a rasa tsohuwar bindigar toka jingine a lungun ɗaki ko rataye a jikin azara, wadda aka gada daga kaka maharbi, ko daga wani dattijo da ya yi zamani cikin masu buga bindiga a gaban sarki ranar hawan salla. Irin wannan bindiga ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a bi da harsashi, a danna da sandar ɗuri. Ɗaya ƙarshen bututun kuwa, wato wanda yake daidai fuskar mai harbi, a rufe yake da wani guntun ƙarfe mai zare da aka murɗa a ciki, wanda zan riƙa kira toshiyar gindi. A yawancin tsofaffin bindigogi toshiyar tana da 'yar wutsiya da ta miƙe baya ta kwanta a kan ƙota, inda ake ɗaure ta da sukuru.

Wannan guntun ƙarfe, wanda zarensa sau da yawa bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba, shi kaɗai ne tsakanin wutar albarushi da idon mai harbi. Saboda haka ra'ayina shi ne kada a taɓa shi sai da dalili mai ƙarfi. Wanke bindiga ba dalili ba ne, domin dattin albarushi ruwa yana narkar da shi, kuma ana iya wanke bututu tsaf ta baki da ruwan ɗumi da tsumma. Dalilan da suka isa a kwance toshiya kaɗan ne: ɗuri ya maƙale an yi duk dabara ya ƙi fita, ko kan sandar ɗuri ya karye a ciki, ko an ga baƙin hayaƙi yana tsattsafowa ta mahaɗar toshiya da bututu, ko kuma ana so a leƙa cikin bututun daga gindi a ga iya ɓarnar da tsatsa ta yi kafin a yanke shawarar ko za a sake harba bindigar. Idan bindigar ta ado ce kawai, wadda ba za ta sake ganin albarushi ba, a tabbatar babu ɗuri a cikinta, a shafa mata mai, a bar toshiyar inda take.

Akwai kuma batun doka, wanda bai kamata a tsallake ba a irin halin da yankinmu yake ciki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ware wa bindigogin da ake ɗurawa ta baki rukuni nasu, ta sa al'amarin lasisinsu a hannun 'yan sanda, haka kuma mai gyaransu a matsayin sana'a yana buƙatar izini. Kafin mutum ya naɗe bindigar kakansa a tabarma ya hau babur zuwa maƙera, ya fara daidaita takardunsa, ya kuma sanar da mai unguwa ko hakimi, don kada aikin gyara ya zame masa abin da zai yi ta bayani a ofishin 'yan sanda.

Fara sanin wace iri ce a hannunka

Ba kowace bindigar toka ce toshiyarta take kwantuwa ba, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga rashin sanin wannan take tasowa. Bindigogin da suka shigo ƙasar nan daga Turai, ta hannun fataken bakin teku ko ta hamada, galibi a Birmingham ta Ingila ko Liyaj ta Beljiyam aka ƙera su, kuma toshiyarsu mai zare ce. Ana gane su da hatimin gwaji da aka buga a gindin bututu. Na Liyaj haruffa ne uku, ELG, a cikin da'ira mai siffar ƙwai, na Birmingham kuwa, inda aka kafa gidan gwajin bindigogi a 1813, sanduna biyu ne da aka gicciya da kambi a sama. Wasu za ka ga an rubuta TOWER da hoton kambi a jikin farantin kunama, wato faifan ƙarfen da ke gefen ƙota. Duk bindigar da take ɗauke da irin waɗannan alamu kayan tarihi ce, irin waɗanda ake ajiyewa a gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, kuma kowane tabon sifana da aka bar mata ya rage mata daraja har abada.

Ƙirar gida kuwa labarinta daban ne. Da yawa daga cikinsu da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota aka yi su, kuma gindin ba murɗa shi aka yi ba, toshe shi aka yi da ƙarfe aka bi da walda, ko aka liƙe da tagulla, ko aka dake shi da zafi a kan uwar maƙera. A kankare dattin wurin da burushin waya a duba da kyau a cikin hasken rana. Idan an ga siririn layi madaidaici da ya zagaye gindin, inda toshiya ta haɗu da bututu, akwai zare. Idan kuwa ƙulli-ƙullin walda aka gani, ko launin rawaya na tagulla ya cike mahaɗar, babu abin da za a murɗa, kuma mai dagewa sai dai ya tsaga bututun. Irin wannan idan gindinta ya fara fitar da hayaƙi, to ta gama aiki, a cire mata ɗuri a rataye ta.

A cikin masu zaren ma akwai bambanci. Wadda ta fi yawa ita ce toshiya mai haɗe da wutsiya. Akwai wadda ƙarshenta ƙugiya ce da take saƙalawa a cikin wani ƙarfe da ke zaune a ƙota, ta yadda bututun yake ɗagowa shi kaɗai. Akwai kuma wadda maƙerin Landan Henry Nock ya yi wa rajista a 1787, mai ɗan ɗaki a cikin toshiyar kanta wanda ya fi ramin bututun ƙunci, inda albarushi yake fara kamawa. Sai kuma waɗanda asalinsu na ƙanƙara ne, aka mai da su masu hular tartsatsi ta hanyar huda gefen bututu a ɗaura 'yar ganga mai nono a kanta, wato ɗan tsinin da ake kifa hular a kai. A wasu daga cikinsu zaren 'yar gangar ya ratsa bangon bututu ya shiga jikin toshiya, ya zame mata sakata. Wanda ya murɗa toshiya bai fara cire gangar ba zai yage zaren duka biyun a lokaci ɗaya.

Tabbatar da cewa babu ɗuri

Lokacin da na kai bindigar kakana wurin wani tsohon maƙeri mai izinin gyara, na zaci sifana zai fara ɗauka. Sai ya juya bakinta wajen katangar ƙasa, ya kori yaran da suka taru a bakin rumfa, ya zare sandar ɗuri, ya dube ni ya ce, "Ɗana, yaushe rabon da a harba ta?" Na ce, "Baba, ai tun kafin a haife ni." Ya ce, "To a ɗure take, har sai sanda ta ce a'a." Ya zura sandar a hankali har ta tsaya, ya dafe daidai bakin bututu da farcen babban yatsa, ya zaro ta ya shimfiɗa a bayan bututun. Ƙarshen sandar bai kai kafar wuta ba, wato 'yar hudar da tartsatsi yake bi ya kai ga albarushi, ya rage kamar faɗin yatsu uku. Ɗurin da kakana ya yi ne yake zaune a ciki duk shekarun nan, muna ta wucewa ta ƙarƙashinta a ɗaki.

Wannan shi ne gwajin da ba a tsallakewa. A bututun da babu kome, sanda tana wuce kafar wuta ko ta kai daidai ita, kuma idan mai kan ƙarfe ce za a ji ta buga fuskar toshiya da ƙara mai tsabta. Idan ta sauka a kan tsumma ko dalma sai a ji ta dusashe. A bindiga mai ɗan ɗaki irin ta Nock sanda mai kauri tana iya tsayawa a bakin ɗakin ko da babu ɗuri, don haka a sake gwadawa da siririyar waya ta tagulla. A yayin gwajin a riƙe sandar da yatsu daga gefe, kada tafin hannu ko fuska su tsaya a saitin baki, kuma a tabbatar babu hula a kan nono, ko an cire ƙanƙarar idan ta ƙanƙara ce.

Albarushi ba ya mutuwa don tsufa. Muddin bai jiƙe ba, na shekara ɗari yana tashi kamar na jiya. Kada kuma a ɗauka ɗuri ɗaya ne a ciki. Bayan yaƙin Getisbag a Amurka a 1863 an tsinci bindigogi fiye da 27,000 a filin daga, kimanin 24,000 daga cikinsu a ɗure, kuma kusan rabin waɗannan ɗuri fiye da ɗaya aka samu a cikinsu, saboda mutum yakan ɗura, bindiga ta ƙi tashi, ya manta ya sake ɗurawa a kai. Abin da ya sami soja a rikicin yaƙi yana samun maharbi a duhun asuba. Kada a ce bari a harba tsohon ɗuri a huta, domin ba a san abin da ke ciki ba, ba a kuma san ƙarfin da ya rage wa bututun ba.

Raba bututu da ƙota

Kafin a kwance kome a ɗauki hoton bindigar da waya ta kowane gefe, sannan a tanadi faranti ko ƙwarya da za a riƙa jera ƙananan sassa bisa tsarin da aka cire su. A ja 'yar gudumar da take bugun hula ko riƙe ƙanƙara zuwa matsayi na farko, a kwance sukurorin da suka riƙe farantin kunama daga ɗaya gefen, a ciro shi. A yi amfani da sukudireba wadda bakinta ya cika tsagar sukurun daidai, ko da sai an gyara bakin da magagari, domin tsofaffin sukurori ƙarfensu mai taushi ne kuma ba a samun madadinsu a kasuwa. Sai a kwance sukurun wutsiya, a zame zobban da suka ɗaure bututu da ice, ko a fitar da 'yan ƙusoshin da suka ratsa ƙota da siririn ƙarfe mai kai a daidaice. Idan an naɗe wani wuri da fata ko waya, ko an ɗaura laya, a warware a hankali a ajiye, domin sau da yawa a ƙarƙashin naɗin akwai tsaga a ice. Daga nan a kifar da bindigar a kan tsumma a bar bututun ya sauko da nauyinsa, gindi da baki tare. Ɗaga shi ta baki yana sa wutsiya ta ɓalle icen da ke bayanta.

Kashe ɗuri da fitar da shi

Idan gwaji ya nuna akwai ɗuri, a cire nono idan ya yarda, a tsoma gindin bututun a bokitin ruwa har ruwan ya rufe kafar wuta, a kuma zuba ruwa ta baki, a bar shi ya kwana, gara ma ya yi kwana biyu. Ruwa ya fi mai a wannan mataki, domin shi ne yake narkar da gishirin da ke cikin albarushi, mai kuwa yakan jiƙa sama ya bar tsakiya a bushe. Jiƙon yana da wani amfani a wurinmu: wasu maharba sukan haɗa ɗurinsu da kan ashana ko hodar da suka farke daga harsashin zamani, kuma irin wannan haɗi gogayya kaɗai tana iya tayar da shi. Ko bayan jiƙo a ci gaba da ɗaukar bututun a matsayin mai ɗuri, bakinsa yana kallon katanga.

Ana fitar da tsumma da sanda mai murɗaɗɗiyar waya a kai, wadda take kama shi idan an juya. Idan harsashin dunƙulen dalma ne, sai a yi amfani da sanda mai sukurun katako a kai, da zoben tagulla da zai tsayar da sukurun a tsakiya don kada ya karce bango, a murɗa har ya kama sosai, a saƙala hannun sandar a jikin turke, a ja bututun baya. To amma ɗurin maharbanmu sau da yawa ba dalma ba ce, guntayen ƙusa ne ko ƙwayoyin boris na keke, waɗanda sukuru ba ya kamawa. Irin waɗannan sai a cire tsumman sama, a zuba kananzir ya sassauta tsatsar da ta liƙe su, a kifar da bututun a riƙa bubbuga gefensa da ice har su zubo. Akwai kuma dabarar famfon giris na makanikai: a ɗaura kan giris a ramin nono, idan zarensu ya dace ba tare da tilas ba, a riƙa bugawa har giris ya turo ɗurin ya fito ta baki. Aikin yana da ƙazanta, amma ba ya cutar da bututu. Idan duk waɗannan sun gaza, za a iya kwance toshiyar da jiƙaƙƙen ɗuri a ciki, amma fa a sanyi, babu wuta, babu duka da guduma.

Jiƙo da mai, da alamar komawa

Yanzu bututu ya zama fanko. A busar da shi, a toshe kafar wuta da tsinke, a tsayar da shi gindi ƙasa a cikin gwangwani, a zuba kananzir ko man sassauta tsatsa ta baki har ya kai tsawon yatsa a ciki, a kuma zuba a gwangwanin har ya rufe mahaɗar. Makanikai da yawa suna haɗa man giyar mota mai sarrafa kanta da sinadarin asiton rabi da rabi, kuma yana ratsa tsatsa sosai, sai dai yana kama wuta da sauri, a nisanta shi da murhu. A ba jiƙon mako guda aƙalla. Wadda ta shekara hamsin ba a taɓa ta ba, mako biyu ko uku bai yi yawa ba. A kowace rana a ciro shi a ƙwanƙwasa gefen gindin da guntun tagulla ko ice mai tauri, ƙwanƙwasa marar ƙarfi, don girgizar ta buɗe wa mai hanya. A watannin bazara ranar Kabi ma tana taimakawa, domin bututun da ya yini a rana ya kwana a sanyi yana buɗewa yana tsukewa, man yana ƙara shiga.

Kada a jiƙa da ruwan tsamiya, ko lemun tsami, ko ruwan batir. Suna cin tsatsa, amma suna cinye launin da ƙarfen ya yi shekaru yana tarawa, har su dusashe hatimi.

Kafin a murɗa, a duba ƙarƙashin gindin, inda ƙota take rufewa. Yawancin maƙeran da sun bar ɗan layi da aka sara da kurfi, wanda ya ratsa daga bututu zuwa toshiya. Wannan layi shi ne shaidar inda toshiya za ta tsaya idan an mayar da ita. Idan babu, a yi shi da kaifin magagari, siriri, a wurin da ba a gani. Sai a cire nono da 'yar ganga idan akwai, haka ma duk wani ƙaramin sukuru ko bututun kafar wuta da aka ɗaura kusa da gindin.

Kamu da murɗawa

Rabin nasarar aikin a kamu take. Ana buƙatar babban bais, wato matsen ƙarfe irin na makanikai, da aka ɗaure a teburi mai nauyi wanda ba ya motsi. Idan bututun mai kusurwa takwas ne, a sa masa faifan tagulla ko na dalma ko alminiyam a tsakaninsa da haƙoran bais, a kama shi ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna. Idan zagayayye ne, a sami guntun ice mai tauri kamar kirya ko marke, a huda shi daidai kaurin bututun, a raba shi biyu, a barbaɗa garin sukari mai laushi a ramin don ya hana santsi, sannan a matse. Wurin kamun yana da muhimmanci ƙwarai. Idan an kama nesa da gindi, tsohon bututu na iya murɗewa, musamman irin wanda aka naɗe ƙarfensa aka haɗa da wuta. Idan kuma an kama daidai kan zaren, bais ɗin zai ƙara matse toshiyar da ake son ta saki. Daidai shi ne a bar gindin ya fito waje da kamar faɗin yatsu biyu, a kama daga nan.

Sifana kuma ba a wutsiya ake sa ta ba. Wutsiya siririya ce, da an matsa za ta lanƙwashe ko ta karye. A ƙarƙashinta akwai dunƙulen ƙarfe mai gefe biyu a miƙe, shi ne mazaunin sifana. A yi amfani da babbar sifana mai daidaitawa wadda bakinta ba shi da haƙora, a sa siraran faifan tagulla a tsakani, a tsuke ta har babu girgiɗi. Da yake dunƙulen yakan zama mai ɗan tsukewa ta ƙasa, abin da ya fi kyau shi ne maƙeri ya sami sandar ƙarfe mai kauri, mai tsawon kamu ɗaya, ya yanke mata tsaga da zarto da magagari daidai siffar dunƙulen. Sifanar famfo mai haƙora kuwa kada ma ta kusanci wurin. Na ga bindiga mai hatimin Birmingham da aka tauna mata gindi da irin wannan sifana, har hatimin ya shafe, kuma toshiyar ba ta ko motsa ba.

Zaren tsofaffin bindigogi kusan duka na dama ne, wato idan kana tsaye ta gindi, hagu ake murɗawa a kwance, akasin tafiyar hannun agogo. A dafa sifanar da hannu ɗaya don ta zauna daram, a ba ƙarshen hannunta duka ɗaya mai kauri da gudumar ice. Duka ɗaya na farat ɗaya ya fi karya riƙon tsatsa a kan jan da ake yi da dogon bututu a hannun sifana, domin dogon bututu yana ba mutum ƙarfin da ya fi ƙarfin ƙarfen, kuma ba ya jin lokacin da abu ya fara lalacewa. Bayan kowane duka a duba layin shaida. Idan ya gota ko da kaurin gashi ne, an ci nasara: a ɗiga mai, a mayar da ita dama kaɗan, a sake yin hagu, a yi ta kai da komo ana ƙara tazara har ta saki. Kada a zarce da murɗawa a tashi ɗaya, domin garin tsatsar da ke cikin zaren yana iya dunƙulewa ya ci zaren.

Idan an yi duka uku ko huɗu ba ta motsa ba, a dakata a koma jiƙo.

Zafi shi ne mataki na ƙarshe, kuma sharaɗinsa shi ne an tabbatar da sanda da haske cewa babu ko ƙwayar albarushi a ciki, an kuma zubar da kananzir an goge. A fara da tafasasshen ruwa, a tsoma gindin na minti goma. Idan bai isa ba, a yi amfani da ƙaramar fitilar gas, a riƙa zagaya harshen wutar a bayan bututu daidai zaren, ba a kan toshiya ba, don bututun ya buɗe ya sake ta. Iyakar zafin shi ne ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ƙone. Da ƙarfe ya fara sauya launi zuwa ruwan kara ko shuɗi an wuce gona da iri. A tuna kuma cewa a bindigogi da yawa saiti da kunnuwan ƙarƙashin bututu da dalmar liƙi aka manna su, wadda take narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba. A bar shi ya ɗan huce, a ɗiga mai a mahaɗar, a gwada sifana. Ana iya maimaita wannan sau da yawa cikin kwanaki. Sa gindin bindiga a wutar zuga-zugi har ya yi ja, kamar yadda wasu suke yi, yana fitar da toshiya, amma yana barin bututun da ba a san ƙarfinsa ba. Toshiyar da ta ƙi duk wannan, a ƙyale ta.

Bayan ta fito

A wanke zaren toshiya da na cikin bututu da kananzir da burushin tagulla, a bi kowane layi da tsinke. Kada a bi shi da abin yanka zare na zamani, domin zaren da da hannu aka yanka shi, kowace toshiya da bututunta, kuma awonsa bai yi daidai da na yanzu ba. Sai a ɗaga bututun wajen haske a leƙa ta gindi. Tsatsar sama-sama ba ta da illa, amma ramuka masu zurfi kusa da gindi, inda albarushi yake zama, ko layin tsaga da ya bi tsawon bututu, ko wani wuri da ya kumbura kamar zobe, duk alamu ne cewa bindigar ta gama harbi. A duba fuskar toshiya ita ma, a ga ko wuta ta zaizaye ta, a kuma ga ko baƙin hayaƙi ya bi zaren har baya. Zare mai lafiya kaifinsa yana nan a cike, kuma idan an murɗa toshiyar rabi aka girgiza ta ba a jin wasa sosai. Idan layukan farko sun cinye, ko toshiyar tana rawa, kada a sake ɗura wannan bindiga.

Wajen mayarwa, a shafa wa zaren giris mai haɗe da garin jan ƙarfe ko na girafait, wato baƙin bakin fensir, irin wanda makanikai suke sa wa notin salansa, siriri kawai. A fara da hannu, a juya hagu har a ji zaren ya faɗa mazauninsa, sannan a juya dama. Ya kamata ta tafi da hannu kusan har ƙarshe, sai ɗan abin da ya rage a ƙarasa da sifana har layukan shaida biyu su haɗu su zama ɗaya. Don a san ko fuskarta ta zauna a kafaɗar da ke cikin bututu, a shafa mata baƙin fitila, a ɗaura, a sake kwancewa a duba: idan ta zauna, za a ga baƙin ya goge a zagaye gaba ɗaya. Idan toshiya ta kai layi da hannu kawai, ko ta wuce shi ba ta tsuke ba, ta sassauta ke nan. Naɗa mata zare ko leda ko guntun gwangwani yana sa ta ji kamar ta tsuke, amma ba ya ƙara mata ƙarfin riƙe wuta ko kaɗan, kuma sabuwar toshiya aikin gwani ne mai izini.

Ko da kome ya yi kyau, harbin farko bayan gyara ba a kafaɗa ake yinsa ba. Mai gyaran ne zai ɗaure ta a jikin tsohuwar taya, a fili nesa da mutane da dabbobi, ya ja kunama da doguwar igiya daga bayan katanga ko tudu, da albarushin gargajiya kaɗai, ba hodar harsashin zamani ba, wadda ƙarfinta ya fi abin da irin wannan bututu zai ɗauka. Bayan harbin a naɗa farin ƙyalle a mahaɗar gindi a goga, a duba ko baƙi ya fito, a kuma sake duba layin shaida.

Daga nan abin da zai hana a sake buƙatar wannan aiki shi ne wanki a ranar da aka yi harbi, kafin a kwana, musamman da damina, lokacin da dattin albarushi yake jawo laima ya fara cin ƙarfe cikin dare ɗaya. A tura ruwan ɗumi ta baki har ya fito ta kafar wuta da tsabta, a busar da tsumma, a bi da mai kaɗan, a jingine ta baki ƙasa na kwana ɗaya don man kada ya taru a fuskar toshiya. Ta kakana ramukan da muka gani a gindinta sun hana ta komawa aiki. Mun mayar mata da toshiyarta a kan layi, na rubuta ranar da aka buɗe ta da kalmomin "babu ɗuri" a guntun takarda, na ɗaura da zare a zoben kunama, na mai da ita kan azarar da take.